Yadda Ake Zagaya Yammacin Amurka da Motar Gida Tare da Abokai

Amurkawa suna da wata hanyar yawon buɗe ido da ba ruwanta da otal. Mota ce mai gado da kicin da firji da banɗaki a cikinta, suna kiranta RV. Iyali ko abokai su shiga, su bi titi daga jiha zuwa jiha, suna yada zango a filayen da aka tanada domin haka. Bahaushen da ke zaune a can, ko ɗalibi, ko wanda ya je hutu, shi ma zai iya, kuma in mutum huɗu zuwa shida suka haɗa kai, kuɗin ba ya karya kowa. Abu ɗaya dai za a riƙe tun farko: motar nan masauki ce. Ana kai ta zango a kafe ta, sannan a riƙa fita kallo da bas ko da ƙafa. Wanda ya mayar da ita motar yawo zai ƙarar da hutunsa wajen neman wurin fakin.

Zan bi da ku ta hanya guda don bayanin ya zauna: a tashi daga Las Vegas a jihar Nevada, a je gandun yawon buɗe ido na Zion da na Bryce Canyon a Utah, a gangara garin Page da gandun Grand Canyon a Arizona, a dawo inda aka fito. Da 'yan ratse-ratse, ku ɗauka mil 1,000 ne, wato kilomita 1,600.

Zaman farko, kafin kowa ya zaro kati

Ku zauna, ko ku haɗu ta waya, ku naɗa shugaban tafiya. Sunna ma haka ta koyar in mutum uku suka fita. Shi zai yanke magana in an rabu biyu a kan tashi da asuba ko bayan karin kumallo. Ku zaɓi ma'aji daban, kowa ya zuba kasonsa a hannunsa tun kafin tafiya, shi zai riƙa biyan mai da cefane da kuɗin zango yana ajiye rasit. Tsarin "ka biya yau, ni zan biya gobe" shi ke sa a dawo ba a magana da juna, domin cika tankin mai da sayen burodi ba ɗaya ba ne.

A wannan zaman ne kuma za a faɗi abin da ake jin nauyin faɗa. Wa zai tuƙa? Aƙalla mutum biyu, kuma dole a rubuta sunayensu a takardar haya, in ba haka ba inshora ba ta san da su ba. Wa zai dafa, wa zai wanke? Wa zai zubar da tankin banɗaki? Wannan na ƙarshe a yi shi karɓa-karɓa, kar a ɗora wa ƙaramin cikinku don kawai ba zai iya musu ba. In da iyalai za a tafi, a raba kwana tun a gida: mata da yara a cikin mota, maza a tanti a gefenta. Mafi yawan zangon gwamnati sun yarda da haka muddin ba a wuce mutum shida a fili ɗaya ba. Kun fi shida, sai a kama fili biyu.

Lokaci da tsarin kwana

Afrilu zuwa Mayu, ko tsakiyar Satumba zuwa Oktoba. Da rani zafin Las Vegas na wuce digiri 40, kuma daga Yuli zuwa Satumba ake samun ruwan sama na farat ɗaya mai cika kwazazzabai. Da hunturu kuwa ruwan cikin bututun mota kan daskare.

Masu wannan harka suna da wata ƙa'ida: kar a wuce mil 300 a rana, a isa zango kafin ƙarfe 3 na rana, a kwana uku kafin a tashi. Ba doka ba ce, amma tana da hujja. Tafiyar da taswirar waya ta ce awa uku ce, a wannan mota ta kusa huɗu. Kafa zango da rushe shi yana cin lokaci. In kullum kuna kan titi, ba abin da za ku gani sai kwalta.

Ga yadda zan raba kwana 12: ɗaya kusa da Las Vegas ranar da aka karɓi mota, uku a Zion, biyu a Bryce, biyu a Page, uku a Grand Canyon, na ƙarshe kuma kusa da Las Vegas. Wani a cikinku zai ce ai gandun Yellowstone ma ba nisa a taswira. Ku ba shi haƙuri, wannan tafiya ce daban.

Ku kama zango kafin ku kama mota

Nan ne mutane suka fi juya lissafi. Mota ana samu, wurin ajiye ta ne ke wahala. Zangon da ke cikin gandun gwamnatin tarayya ana kama su ne a shafin Recreation.gov, kuma da yawansu ana buɗe su wata shida kafin ranar kwana. Na wuraren da suka yi suna kan ƙare cikin ɗan lokaci. Don haka ku buɗe asusu tun da wuri, ku zaɓi lambobin fili biyu ko uku da kuke so, ranar da za a buɗe kuma mutum biyu su zauna gaban kwamfuta. In kun makara, ku riƙa leƙawa, kullum ana samun masu fasawa.

Zango iri uku ne. Akwai mai komai: wuta, ruwa da ramin zubar da ƙazanta duk a filinka, galibi na 'yan kasuwa irin su KOA. Akwai mai wuta kaɗai. Akwai kuma wanda ba komai sai fili, teburi da murhu, da famfo da banɗaki na kowa da kowa. Waɗanda ke cikin gandu sun fi yawa a kashi na uku, sun fi araha, kuma su ne a bakin abin da kuka zo gani. Dabarar ita ce a riƙa gwamutsawa: kwana biyu ko uku a wanda ba komai, sannan a shiga mai komai a cika ruwa, a caja batir, a yi wanki.

A Zion ku nemi Watchman. Yana daf da ƙofar kudu, wasu layukansa na da wuta, kuma da ƙafa za ku taka zuwa tashar bas. Ba a kunna janareto a cikinsa. A Bryce akwai North da Sunset a ciki, ba wuta ba ruwa a fili, sai kuma Ruby's Inn a bakin ƙofa mai komai, kuma bas na tsayawa a gabansa. A Page akwai Wahweap a gaɓar tafkin Powell. A Grand Canyon ko dai Mather, wanda ba ya karɓar motar da ta wuce ƙafa 30, ko Trailer Village mai komai. Kowane fili an rubuta iyakar tsawon motar da zai ɗauka, ku duba kafin ku biya.

Sai kuɗin shiga gandu, wanda daban yake da kuɗin kwana. Akwai katin shekara mai suna America the Beautiful, yana aiki ga mai shi da fasinjojin motarsa. Mazauna Amurka dala 80 suke saya. Daga farkon 2026 wanda ba mazaunin ƙasar ba dala 250 zai biya, kuma in ba shi da katin, akwai ƙarin dala 100 a kan kowane babba a manyan gandu 11, ciki har da Zion da Bryce da Grand Canyon. Ga baƙi ke nan katin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba ya aiki a ƙasar ƙabilar Navajo, 'yan asalin yankin, can nasu kuɗin daban.

Wace mota?

Akwai babba mai siffar bas da suke kira Class A, akwai ƙarama da ba ta wuce mutum biyu ba, Class B, sai ta tsakiya mai gado a saman kan direba, Class C. Ta tsakiyar za ku ɗauka, mai tsawon ƙafa 25 zuwa 30, kuma in za ku iya matsuwa a mai 25 ya fi, domin kowane zango zai karɓe ku. Lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa. Wanda ya zo daga gida ya haɗo da lasisin ƙasa da ƙasa, ya kuma tambayi kamfanin tun kafin ya biya. Wasu sun yarda da ɗan shekara 21, wasu sai 25.

Cruise America da El Monte RV kamfanoni ne masu motocin kansu. Outdoorsy da RVshare kuwa suna haɗa ka ne da mai mota. Ko wanne kuka zaɓa, kar farashin kwana ɗaya da aka rubuta da manyan baƙi ya ruɗe ku. Ku tambayi kuɗin kowane mil, kuɗin awar janareto, kuɗin barguna da tukwane in ba ku zo da naku ba, abin da inshora ta ɗauke da wanda ta bar muku, da kuɗin ajiya da za a riƙe a kati. Ku ƙirga bel ɗin kujera. Wata motar za a ce tana kwanar da mutum bakwai, amma abin da doka ke dubawa a kan titi shi ne bel.

Mai kuwa tana sha. Galan ɗaya, wato lita 3.8, mil 8 zuwa 10 yake kai ta. A mil 1,000 ku yi lissafin galan 100 zuwa 125.

Ranar karɓa

Galibi da rana ake ba da mota. Kar ku sauka daga jirgin awa goma sha ku wuce kai tsaye ku karɓa, ku kwana tukuna. Ma'aikaci zai zagaya da ku yana nuna makunnai. Mutum ɗaya ya ɗauki bidiyon bayanin gaba ɗaya, domin da dare in ruwan zafi ya ƙi zuwa ba wanda zai tuna abin da aka ce. Ku sa ya kunna komai a gabanku: murhu, firji, famfo, janareto, na'urar ɗumama ɗaki. Ku ɗauki hoton duk wani ƙwarzane, har da sama da ƙarƙashin baya. Ku tabbatar akwai tiyon ruwa, tiyon ƙazanta, wayar wuta, da na'urar da ke ƙara in iskar guba ta taru. Sannan a rubuta tsayin motar a takarda a manna inda direba zai gani, saboda rumfar gidan mai da rassan bishiya.

Cefane a Las Vegas za a yi, domin nan ne akwai shagunan naman halal da masallatai. Kun bar ta, sai ƙananan garuruwa. Ku sayi naman kwana 12, ku raba shi leda-leda ku daskarar, ku haɗa da ƙwai, kifin gwangwani, shinkafa, taliya da wake. Mai tahowa daga gida kuma kar ya ɗauko kilishi ko dambun nama, ba a shiga da irin wannan nama Amurka, kuma ɓoye shi na jawo tara. Busasshen yaji galibi ana bari, amma a bayyana shi ga jami'an kwastam. Ku ƙara da safar hannu ta roba, takardar banɗaki mai saurin narkewa, tocila, buta biyu, tabarma, da jarkokin ruwan sha, don ruwan tankin motar haya na wanka da wanke-wanke ne.

Daren farko kar ku yi nisa. Boulder Beach a bakin tafkin Mead, ko Valley of Fire, duk ba su wuce tafiyar awa ɗaya ko kusan haka ba. In wani abu bai aiki, kuna kusa da masu ita.

Tuƙi

Hannun tuƙi ɗaya ne da na Najeriya da Nijar da Ghana, wannan ya rage aiki. Sauran sabo ne. Motar na da faɗi, ba madubin tsakiya, da na gefe kaɗai ake aiki. Bayanta ya zarce tayoyin baya sosai, in ka karya kwana da wuri gindinta zai sharo abin da ke gefe, don haka ka shiga gaba kaɗan kafin ka juya sitiyari. Ka ba motar gabanka tazara ninki biyu. A gangara mai tsawo ka sauke giya, injin ya riƙe ta, kar ka ɗora ƙafa a birki har ya yi zafi. In babbar mota ta zo wucewa iska za ta ture ka gefe, riƙe sitiyari da hannu biyu kawai. In motoci sun taru a bayanka a titi mai layi ɗaya, ka ratse inda aka tanada su wuce.

Dokoki uku da baƙo ke mantawa: alamar tsayawa ana tsayawa ne cak ko ba kowa, bas ɗin makaranta mai ruwan ɗorawa in ya tsaya ya kunna jar wuta ba a wuce shi, ɗan sanda in ya kunna maka fitila ka sauka gefe, ka zauna a kujerarka, hannuwa a kan sitiyari, kar ka fito, kar kuma ka kuskura ka miƙa masa wani abu da sunan na goro. A gidan mai a kashe duk abin da ke aiki da gas. Kuma tanki ya kai rabi a cika, tsakanin garuruwan nan akwai nisa. Sabis ma ɗaukewa yake, ku sauke taswira a waya tun kuna gari. In motoci biyu ne, ku sayi 'yar rediyon oba-oba.

Akwai tarko ɗaya a wannan hanya. Daga Zion zuwa Bryce waya za ta nuna muku gajeriyar hanya ta gabas, wadda ta bi ta wani rami da aka huda cikin dutse aka gama a 1930. An yi shi ne don motocin wancan zamani. Motar da ta kai faɗin ƙafa 7 da inci 10, ko tsayin ƙafa 11 da inci 4, a da sai an biya an tsayar da masu tahowa ta bi ta tsakiya, kuma hukumar gandun ta sanar da hana irinsu bin titin daga tsakiyar 2026. Kusan duk Class C ta faɗa ciki. Ku koma babban titin I-15, ku yi arewa, ku ratsa ta titi mai lamba 20, ku sauko ta 89 zuwa 12. Kusan mil 150 ne, amma da kwanciyar hankali.

Isa zango

Ku tsaya a ƙofa ku karɓi takarda, ku bi layi a hankali, yara na yawo da keke. Kun iso filinku, kowa ya sauka a duba sama da ƙasa: reshe, dutse, inda sandar wuta take. Mutum ɗaya tak zai ba da hannu, ya tsaya ta gefen direba inda za a gan shi a madubi, gilas a sauke. "Taho, Malam, taho. Karya hagu kaɗan. Miƙe. Tsaya!" In direba ya daina ganinsa, ya taka birki. Sauran su yi shiru, ko da kuwa Alhaji ya shekara talatin yana tuƙi.

Daga nan a daidaita ta. Ɗora kwalbar ruwa a kwance a ƙasan motar ka ga inda kumfar ta karkata, a sa katako ko robar da aka ba ku a ƙarƙashin tayar da ta yi ƙasa, a hau a hankali. Ba don daɗin barci kaɗai ba, firjin da ke aiki da gas yana lalacewa in ya daɗe a karkace. A ja birkin hannu. In akwai wuta, a kashe makunnin sanda, a soka filogi, sannan a kunna. Class C galibi mai amfiya 30 ce, kar a haɗa na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar lantarki lokaci ɗaya. In akwai famfo, a ɗaura 'yar na'urar rage ƙarfin ruwa kafin tiyo.

Zango yana da ladabinsa. Daga ƙarfe 10 na dare har gari ya waye shiru ake so, kuma mu in hira ta yi daɗi murya kan tashi ba mu sani ba. Ba a ratsa filin maƙwabci. Ba a tsintar itace a cikin gandu, saya ake yi a nan kusa, kuma in an hana hura wuta saboda fari, an hana. Suya da soye-soye a yi su a waje kan teburi, in ba haka ba ƙararrawar hayaƙi za ta tashi, kuma kujeru su riƙe warin mai har ranar mayarwa. Kar a bar abinci a waje, hankakin wurin sun iya buɗe leda.

Salla ba ta da matsala, ga fili ga tabarma. Alƙibla daga wannan yanki arewa maso gabas take, ta ma fi karkata arewa, saɓanin gabas da aka saba a gida. A mazhabar Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu sai ya cika. Ku lura da ruwa: tankin motar bai wuce galan 40 ba ko kusa da haka, mutum shida suna alwala sau biyar suna wanka, kwana biyu ba zai kai ba. A riƙa cika buta a famfon zango.

Kallo daga zango

Zion kwari ne mai jajayen duwatsu a tsaye, kogin Virgin na bi ta tsakiya. Mafi yawan shekara ba a shiga cikinsa da motar kai, sai bas na kyauta. Ku fito bayan sallar asuba ku kama na farko-farko, kafin layi ya yi tsawo. Tashar ƙarshe akwai hanyar siminti ta gefen kogi da kowa zai iya bi, har inda duwatsun suka matse aka fara tafiya cikin ruwa, wato Narrows. Kafin ku shiga ku karanta allon hasashen ambaliya. Kar a sha ruwan kogin, kar a kurkure baki ko shaƙa hanci da shi wajen alwala, tun 2020 hukuma ke gargaɗi kan wani gansakuka mai guba a cikinsa. Angels Landing, hawan da ake riƙe sarƙa, tun 2022 sai da izini. Mai jiri ya haƙura, ba abin kunya ba ne.

Bryce yana sama da mita 2,400, ya ninka tudun Jos. Ko a watan Mayu dare na iya kaiwa ƙanƙara, ku zo da rigunan sanyi na gaske. In ba ku da wuta, fankar na'urar ɗumama ɗaki na iya shanye batir kafin asuba, ku rage ta ku ƙara bargo. Numfashi zai yi sama-sama ranar farko, wake kuma ba zai nuna da wuri ba, duk aikin tsayi ne. Abin kallo a nan dubban ginshiƙan dutse ne ja da fari, waɗanda daskarewar ruwa da narkewarsa suka sassaƙa. A gan su da hudowar rana daga baki, sannan a gangara cikinsu ta hanyar ƙafa mai suna Queen's Garden a fito ta wadda ake kira Navajo Loop. A bar motar a zango, domin lokacin da bas ke aiki an hana dogayen motoci fakin a manyan wuraren kallo.

A Page ne kaɗai za ku ɗan motsa motar. Horseshoe Bend, inda kogin Colorado ya yi lanƙwasa a ƙasan wani gaɓa mai zurfi, yana da filin fakin na kuɗi, sai tafiyar kusan mil ɗaya da rabi zuwa da dawowa ba inuwar kirki. Yawancin bakin ba shinge, a riƙe yara. Antelope Canyon a ƙasar Navajo yake, ba a shiga sai da ɗan jagora nasu, kuma ana kama gurbi tun da makonni. In suka ce an fasa saboda hadari, ko da sama garau take a kanku, ku yarda. A Agustan 1997 ruwan da aka yi a nesa ya biyo ta ciki ya kashe mutum 11.

Agogo ma sai an yi hattara a nan. Utah na ƙara awa ɗaya da bazara, Arizona ba ta ƙarawa, yankin Navajo da ke cikin Arizona kuma yana ƙarawa. Wayarka za ta riƙa tsalle tsakanin lokaci biyu, ta rikita maka lokacin salla da na ɗan jagora. Ku cire ta daga saita kanta, ku ɗora ta a kan lokacin Phoenix, babban birnin Arizona, har ku bar jihar.

Grand Canyon ku shigo ta ƙofar gabas, ta titin 89 zuwa Cameron sannan 64, ku tsaya a hasumiyar Desert View da aka gina a 1932. Tsawon kwazazzabon mil 277 ne, zurfinsa kusan mil guda. Daga Mather ko Trailer Village bas na kyauta zai kai ku mafi yawan wuraren kallo. Titin Hermit, inda aka fi kallon faɗuwar rana, a rufe yake ga motocin mutane daga Maris zuwa Nuwamba, sai bas ɗin. Masu ƙarfi su gangara ta hanyar ƙafa mai suna Bright Angel, amma su sani hawowa na cin ninki biyu na lokacin sauka, ƙasa kuma ta fi sama zafi. Kar kowa ya ce zai taɓa kogi ya dawo a yini ɗaya. Manyan barewar da ake kira elk suna shigowa har cikin zango, a ba su tazarar mita 30. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi haramun ne a duk gandun nan tun 2014.

Zubar da tanki

Tankin ƙazanta biyu ne a ƙarƙashin mota: baƙi na banɗaki, toka na ruwan wanka da wanke-wanke. Akwai allo a ciki da ke nuna cikarsu. Baƙin ya kai kashi biyu cikin uku, lokaci ya yi. A wurin zubarwa za ka ga rami mai murfi a ƙasa da famfo a gefe. Sa safar hannu. Tabbatar hannayen ja guda biyu a rufe suke kafin ka cire murfin bututun. Murɗa bakin tiyo a jikin mota har ya kama, ka zura ɗaya bakin cikin ramin, abokinka ya taka shi da ƙafa don kar ya yi tsalle. Ja hannun baƙin tanki, shi ne mai kauri. Za ka ji tiyon ya yi nauyi yana rawa. Ƙarar ta ɗauke, ka rufe. Sannan ka ja na toka, ruwan sabulunsa ne zai wanke tiyon. Rufe, cire daga jikin mota tukuna, ɗaga shi sama ya tsiyaye cikin ramin, ɗauraye, naɗe. Famfon da ke wurin ba na sha ba ne, kar tiyon ruwanku ya kusance shi. Koma ciki ka zuba ruwa kamar buta biyu da maganin wari a masai.

Ko kuna zango mai rami a filinku, kar ku bar hannun baƙin tanki a buɗe. Ruwan zai tsiyaye ya bar sauran ya daskare a ciki. Mu masu tsarki da ruwa tankinmu na saurin cika, amma kuma bai cika toshewa ba.

Tashi da mayarwa

Duk ranar tashi mutum ɗaya ya zagaya motar da takarda a hannu: an cire wuta da tiyo, an naɗe rumfa, an rufe tagogin sama, an ɗaga matakala, an kulle firji da durowoyi, an ɗauke katakon taya, an ƙirga mutane.

Daga Grand Canyon zuwa Las Vegas mil 280 ne, ta Williams da Seligman, inda ragowar tsohon titin 66 yake, da Kingman, a wuce ta gadar da ke kallon madatsar Hoover. Da safe ake karɓar mota, galibi kafin ƙarfe 11, shi ya sa daren ƙarshe a kusa za a kwana. A daren a share, a goge murhu, a kwashe firji. Da safe a zubar da tankuna biyun, a cika mai da gas yadda takardar haya ta ce, a ɗauki hoton allon mil da na mai. Ma'aikaci ya duba a gabanku ya sa hannu. Kuɗin ajiyar kan ɗauki kwanaki kafin ya dawo kati, don haka ma'aji ya dakata da rabon canji har sai ya shigo.